Yaɓen Madafa: Tsakanin Makuba da Siminti

Duk gidan Bahaushe babu bangon da ke shan wuya kamar na madafa, wadda yanzu aka fi kira kicin. Daga ciki wutar murhu na gasa shi safe da yamma, hayaƙi na shafa masa kunkunniya. Daga waje rana ta dake shi, ruwan damina ya zo da iska daga gabas ya tsula masa, ruwan wanke-wanke kuma ya kwanta masa a gindi. Amma shi ne ake ginawa daga ƙarshe, da ragowar bulo da ragowar kuɗi. Wanda ya zaga unguwannin cikin birnin Kano ko Zariya ko Damagaram bayan ɗaukewar ruwa zai ga sakamakon: filasta ta ɓanɓare falle-falle, wadda ta rage kuma in ka ƙwanƙwasa ta sai ta amsa kamar ƙwarya, alamar ta rabu da bango tuntuni, kunya ce kawai ta hana ta faɗuwa.

Sana'ar suturta bango tsohuwa ce. Mu muna cewa yaɓe ko shafe, birkiloli na cewa filasta, mutanen Italiya kuma suka ba ta sunan da Turawa ke amfani da shi, situko. Tun ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa, wani masanin gini na Rum mai suna Vitruvius ya rubuta cewa shafe mai ƙarko hawa-hawa ake yin sa, a fara da mai kaushi a gama da mai laushi. Maginan Hausa ba su karanta shi ba, amma hannunsu ya kai su ga wannan ka'ida.

Dubi kayan aikinsu. Makuba daga ɓawon ɗorawa take, ana jiƙa ta a kwaɓa da ƙasa, ta ba yaɓe danƙo da launi ja mai duhu, ta sa ruwa ya zame. Ita ce kuma mata ke yayyafawa a daɓe suna bugu da madaɓi. Laso ya fi ta daraja. Ana haɗa shi da katsi, wato dagwalon da ake kwasowa daga ƙasan karofin marina a ƙona, da gashin jima daga majema, da yauƙin dafara. Katsi ne jiki, gashi ne jijiyar da ke hana tsagewa, dafara ce ke ɗaure su. Da laso ake shafe rufin soro da bakin indararo da zankwaye, wuraren da ruwa ya fi ci. Akwai kuma cafe, wanda ake danna tsakuwa a fuskarsa a shayar da shi ruwan bagaruwa. Da irin wannan sani Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne danginsu ɗaya da bangon da suke rufewa. In tubali ya sha raɓa ya kumbura, yaɓen ya kumbura tare da shi. In ya bushe, danshin ya fita ta jikin yaɓen. Aibinsu guda: suna son a riƙa waiwayarsu, a sabunta su kafin damina.

Siminti ya zo da alkawarin raba mai gida da wannan hidima. Wani magini a garin Leeds na Ingila, Joseph Aspdin, shi ya yi rajistar irin simintin da muke amfani da shi a 1824. Da aka kafa masana'antu a kusa da mu, Kalambaina a Sakkwato, Ashaka a Gombe, Malbaza a Nijar, sai buhu mai kilo 50 ya shiga kowane lungu. A nan aka fara kuskuren da har yau ake maimaitawa: shafa siminti a kan ginin ƙasa. Siminti ba ya tanƙwara, kuma ba ya barin danshi ya fita da sauƙi. Da zarar ya yi ɗan tsaga, ruwa ya shiga bayansa ya maƙale, ya jiƙa ƙasar, ta narke a ɓoye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to a nan ruwa ne ƙadangaren. Wasu birkiloli kan kafa ƙusoshi da wayar kaji don filastar ta sami abin kamawa. Hakan na jinkirta faɗuwa, amma bai sasanta ƙasa da siminti ba. Madafar tubali, yaɓen ƙasa da makuba ne maganinta.

In kuwa da bulo aka gina, siminti ya sami ɗan'uwansa, sai dai a bi shi da ladabinsa. Da farko a bar ginin ya zauna, a share ƙura, a kankare duk wani maiƙo ko kunkunniya, domin filasta ba ta kama baƙin hayaƙi. A jiƙa bangon har ya daina zuƙar ruwa da haɗama, in ba haka ba bulo zai tsotse ruwan kwaɓin kafin simintin ya amfana da shi. Yashi ya zama na rafi, mai tsini, tankaɗaɗɗe, wanda in ka murza shi a tafi ba ya barin laka.

Hawa na farko jefa shi ake yi da ƙarfi, kwano ɗaya na siminti ga uku ko huɗu na yashi, sannan a karce fuskarsa da layuka a kwance don na biyu ya sami mariƙa. Na biyu shi ke daidaita bango, da dogon katako ake jan sa, kuma yashinsa ya ɗara na farko. Na uku siriri ne, shi ne fuska, ko a goge shi da katako ya yi ɗan kaushi, ko a fesa shi ya yi ƙuraje-ƙuraje. Duka ukun kaurinsu bai kamata ya wuce kimanin milimita 20 ba. Dokar ita ce kowane hawa ya fi na ƙarƙashinsa sauƙin siminti. Mai gida da ke cewa, "Malam, a zuba siminti sosai a na ƙarshe don ya yi ƙarfi," da bakinsa yake sayen tsaga, domin kwaɓi mai yawan siminti ya fi ƙanƙancewa yayin bushewa, sai ya ja na ƙarƙashinsa ya zana bango kamar ƙasan fadama da rani.

Sai ban-ruwa, inda mafi yawan aiki ke lalacewa. Siminti ba bushewa ke ƙarfafa shi ba, shan ruwa ne. Yana buƙatar a shayar da shi safe da yamma aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 ake lissafin ya kai ƙarfinsa. Iskar hunturu na iya ƙafar da sabuwar filasta cikin 'yan sa'o'i, haka ranar bazara. Gogaggen birkila kan fara da asuba, ya bi inuwa yana juyawa da ita, ya rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara a jikin aikin. Wanda ya ɗauki jinga kuwa, hankalinsa na kan gida na gaba. Yakan haɗe hawa ukun a wuni ɗaya, ya karɓi kuɗinsa, ya bar ban-ruwa ga yaran gida, su ma su manta.

Wurare uku a madafa suna da hukuncin kansu. Bayan murhu ba wurin siminti ba ne, domin zafin wutar itace na korar ruwan da ke ɗaure cikinsa har ya koma gari. Nan jan bulo ƙonanne da kwaɓin yumɓu ake so, irin ƙasar da ake gina tukunya, wadda wuta ke ƙara wa ƙarfi. Gindin bango yana buƙatar ɗan dakali mai gangara da zai kore ruwan wanke-wanke, in ba haka ba danshi ya hau, kanwa ta fito fara, ta ci filastar daga ƙasa. Kan bango kuma a rufe shi da leɓen kwano ko hular siminti mai ɗan fitowa, musamman ta gabas. A cikin madafa fuska mai santsi ta fi, don a iya wanke ta. Mai ƙuraje matattarar maiƙo ce da ƙura.

Yau marinai sun ragu, katsi ya yi wuyar samu, masu iya haɗa laso kuma tsufa na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ba lallai ne kowa ya koma ga makuba ba, amma tambayar da tsohon magini ke fara yi kafin ya taɓa kwaɓi tana nan da amfaninta: da me aka gina bangon nan, ta ina ruwa ke zuwa masa, a ina za a hura wuta? Birkilan da ya amsa waɗannan uku ya san abin da zai kwaɓa. Tun ran gini ran zane.