Muryar Na'ura da Kunnen Makaho: Sharhi a Kan Ma'aunin Kyawun Furuci

1.0 Gabatarwa

Makaho mai aiki da kwamfuta ko wayar hannu da kunne yake karatu. Akwai manhajar da ke bin abin da ke bisa allo tana faɗa masa, kamar JAWS wadda ta fito a 1989, da VoiceOver ta kamfanin Apple a 2005, da NVDA wadda Michael Curran ya soma a Ostareliya a 2006. Muryar da ke yin wannan karatu ƙirar na'ura ce, kuma an daɗe ana fafutukar kyautata ta. Manufar wannan maƙala ita ce duba ma'aunin da ake auna kyawun muryar da shi, sa'an nan a ga ko ya dace da bukatar makaho, musamman mai karanta Hausa.

2.0 Hanyoyin Ƙera Murya

Hanyoyi uku ne suka yi fice. Ta farko ita ce a gina kowane sauti da lissafi bisa dokokin furuci, ba tare da muryar kowa ba. Aikin Dennis Klatt na jami'ar MIT, wanda ya haifar da DECtalk a 1984, shi ne jigo a nan, kuma Eloquence da eSpeak 'yan wannan gida ne. Ta biyu ita ce a naɗi muryar mutum, a yayyanka ta, a riƙa harhaɗa gutsattsarin. Ta uku ta kunno kai ne da WaveNet na kamfanin DeepMind a 2016, inda na'ura ke koyon magana daga sa'o'i masu yawa na muryar da aka naɗa. Wannan ta ƙarshe ta kai matsayin da sau da yawa mai saurare ba ya iya rarrabe ta da ta mutum.

3.0 Inda Ma'aunin Ya Gaza

Yadda aka saba gwaji shi ne a tara masu saurare, a kunna musu gajerun jimloli, kowa ya ba da maki daga 1 zuwa 5, a fitar da matsakaici. Abin da wannan gwaji ke aunawa daɗin murya ne ga wanda ya saurara na ɗan lokaci. Makaho kuwa wuni yake yi da muryar, kuma bukatunsa daban ne.

Da farko akwai sauri. Ƙwararrun masu amfani da manhajar sukan ninka saurin maganar yau da kullum sau biyu ko fiye, domin shi ne madadin wulga ido bisa shafi. Muryar lissafi takan riƙe siffar baƙaƙenta ko da an tsananta mata gudu, alhali mai kama da ta mutum takan cuɗe. Wannan ne ya sa makafi da dama suka riƙe Eloquence har yau, duk da ƙarar ƙarfe da ke cikinta. Na biyu akwai hanzarin amsawa: wanda ya danna harafi yana so ya ji shi nan take. Na uku akwai amana. Mai gyara rubutunsa yana bukatar muryar da za ta yi tuntuɓe daidai inda ya yi kuskure. Wadda ke shafe kuskuren da zaƙin baki cutarsa take yi.

4.0 Matsalar Hausa

Idan aka zo ga Hausa, sai al'amarin ya ƙara nauyi, saboda daidaitaccen rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Alal misali, "gari" na zama da "gari" na tuwo tsawon wasalin farko ne kaɗai ya raba su. "Wuya" na jiki da "wuya" ta wahala kuwa karin sauti ne. "Kuka" kalma uku ce: ta hawaye, da itaciya, da wakilin suna na "kuka zo". "Bara" ma haka, domin ban da shekarar da ta wuce, akwai yaron gida da kuma roƙo, waɗanda bambancin ra-kaɗe da ra-gare ya raba, alhali harafi ɗaya ake rubuta su da shi.

Har wa yau abin ya shafi nahawu. "Ya tafi" na iya zama labari, da dogon wasali da karin sama, yana kuma iya zama umurni, da gajeren wasali da karin ƙasa. Mai ido yakan warware wannan a zuci, in ya ɓata ya koma baya da ƙiftawa ɗaya. Makaho kuwa na'ura ce ta riga ta zaɓar masa. Ɗalibin da aka karanta wa umurni a matsayin labari a takardar jarrabawa, tambaya dabam ya ji, ko da murya ta kai zuma daɗi. Bugu da ƙari, inda babu muryar Hausa, ta Ingilishi ce ke hawa kan rubutun, ta tsallake ɓ da ɗ da ƙ ko ta ɓata su.

An soma samun muryoyin Hausa. A 2023 kamfanin Meta ya fitar da na harsuna fiye da 1,100, har da Hausa, waɗanda aka horar da karatun littattafan addini da aka naɗa. Ƙoƙari ne abin yabo, sai dai salon karanta nassi daban yake da na wasiƙa ko jadawali ko lissafin kuɗi.

5.0 Kammalawa

Ashe ke nan kyawun muryar karatu ba ya tsaya ga kama da mutum. Kamata ya yi a auna ta da yawan abin da makaho ya fahimta, a irin saurin da ya saba, cikin dogon rubutu. Game da Hausa, aikin na masana harshe ne kafin ya zama na injiniyoyi. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun nuna kari da tsawon wasalin kalmomi, amma ana bukatar tarin jimloli masu alamomi domin na'ura ta koyi zaɓe bisa muhalli. Wannan fage ne a buɗe ga ɗaliban babban digiri a sassan Hausa na jami'o'in Nijeriya da Nijar. Alƙalan aikin kuwa su kasance makafin da za su zauna da muryar, tun daga ranar da aka fara shi.