Tsoron da Ake Sayen Tikitinsa

Duk watan Oktoba garin Sitges, wanda ke bakin teku kusa da Basalona a ƙasar Sifaniya, yakan cika maƙil da baƙin da suka zo kallon abin da zai hana su barci. Tun 1968 ake yin bikin fina-finan ban tsoro a can. Birnin Burasel ya soma nasa a 1983, Mantiriyal ta Kanada a 1996, Landan kuma ta biyo baya da FrightFest a 2000. Wanda bai saba ba zai ce tsabar rashin aikin yi ne mutum ya biya kuɗin jirgi da na masauki don kawai a razana shi. Amma mai wannan hukunci fim ɗin kaɗai ya duba, bai duba zauren ba. A ganina, fim ɗin ban tsoro don taro aka yi shi, kuma waɗannan bukukuwa su ne suka fi riƙe wannan asali.

A Burasel masu kallo ba sa zama shiru. In ɗan wasa ya shiga ɗaki ya bar ƙofa a buɗe, sai zaure ya kaure da ihun a rufe ƙofa. In aka nuno wata ya cika, su kama kukan kerkeci. Daraktan da ya hau dandamali don gabatar da fim ɗinsa ma ba sa barinsa ya sauka sai ya rera musu waƙa. A Mantiriyal kuwa, da zarar an kashe fitilu sai a ji kukan kyanwa na tashi daga kujeru. Wannan ba raina fim ba ne, dabara ce ta rarraba nauyin tsoro, kowa ya ɗauki daidai ƙarfinsa. Haka tatsuniyar Dodo take: da dare ake yin ta, yara na manne da juna, ana tsorata ana dariya, don kowa ya san akwai "ƙurunƙus" a gaba. Masu bincike a Jami'ar Aarhus ta Denmak, cikinsu har da Mathias Clasen, sun auna bugun zuciyar masu shiga wani gidan razanarwa, suka wallafa a 2020 cewa daɗin yana kai ƙololuwa ne a tsaka-tsaki: tsoron ya yi kaɗan a gundura, ya yi yawa daɗin ya gudu. Taron jama'a shi ke riƙe mai kallo a wannan tsakiyar.

Akwai dalilin da ya fi wannan zurfi. Dodon cikin fim galibi damuwar jama'ar zamaninsa ce aka yi wa fuska. Godzilla ya fito a Japan a 1954, shekara tara bayan bam ɗin Hiroshima, kuma gwajin nukiliya ne ya tayar da shi daga teku. A Night of the Living Dead na George Romero, wanda ya fito a 1968, jarumin baƙar fata ne. Ya kwana yana kare kansa daga gawarwaki masu tafiya, da gari ya waye fararen fatar da suka zo ceto suka bindige shi. A shekarar ce aka kashe Martin Luther King, don haka ba sai an yi wa Amurkawa fashin baƙi ba. Nan gida ma, Living in Bondage na 1992, wanda ake ɗauka a matsayin mabuɗin Nollywood, labarin mutum ne da ya sadaukar da matarsa don kuɗin tsafi, fatalwarta ta hana shi sakat, a daidai lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu ya gallabi talaka ana tambayar inda wasu suka samo dukiya dare ɗaya. Irin wannan tsoro na kowa ne, kuma mutum ba ya tabbatar da haka sai ya ji na kusa da shi ya ja numfashi a inda shi ma ya ja.

Masu suka na cewa waɗannan fina-finai suna busar da zuciya su saba wa mutum da ganin jini. Ba a rasa gaskiya a maganar ba: akwai tarin fina-finan da ba su da komai sai yanka da kururuwa, kuma bukukuwan ma suna nuna su, musamman a zangon tsakar dare. Ingila ta yi irin wannan fargaba har ta kafa dokar tace kaset-kaset na bidiyo a 1984. Sai dai abin da ya tayar da hankalinta kaset ne da ke shiga gida ba mai tsaron ƙofa, ba zauren silima ba. Yau wayar hannu ce ta gaji kaset ɗin. Yaro shi kaɗai cikin bargo da ƙarfe biyu na dare, a gidan da aka yi imani da aljanu da mayu, ba shi da wanda zai yi dariya ya sassauta masa, kuma ba wanda ya tambayi shekarunsa. A biki kuwa akwai iyakar shekaru a bakin ƙofa, sau da yawa kuma daraktan na tsaye a gaban allo bayan an kunna fitilu, masu kallo na titsiye shi da tambayar dalilin da ya sa ya nuna abin da ya nuna.