Jinjina ga Malaman Gona na Kudancin Kano

Malamin gona shi ne ma'aikacin da ke kai ilimin noma har bakin kunya. A Doguwa da Tudun Wada, inda ruwan damina ya fi yawa a Jihar Kano, aikinsa ya ƙara nauyi tun wajajen 2015, lokacin da ɓarayin shanu suka mayar da dajin Falgore maɓoyarsu. Manomin da aka kore wa shanun huɗa ya rasa abin jan garma da taki da jari a dare ɗaya.

Farfaɗowa daga irin wannan asara sai a hankali. Malaman KNARDA, hukumar raya noma da karkara ta jihar, da na ƙungiyar Sasakawa, wadda ta shigo Najeriya a 1992, sukan kafa gonar gwaji inda kowa zai gani, domin manomi ya fi gaskata idonsa. A nan ake koyar da tazarar shuka, da binne taki a gindin masara maimakon watsawa, da juya masara da waken suya don ƙasa ta farfaɗo kuma ƙuduji ya ragu. Suna bin ƙauyuka a kan babur cikin taɓo, su maimaita bayani ɗaya ba gajiya.

Aikin bai tsaya ga manoma kaɗai ba. Shirin bunƙasa noma da kiwo na jihar, KSADP, mai tallafin Bankin Raya Ƙasashen Musulunci, ya haɗa da makiyaya: rigakafin dabbobi, da shata burtali, da sarrafa kara da harawa su zama abincin shanu. Wannan ɓangaren ya cancanci yabo na musamman, domin shigar shanu gona ce ke haddasa yawancin rigingimun manomi da makiyayi.