Kwalli Mai Wutsiya: Sharhi a kan Wani Salon Adon Ido a Kudancin Kaduna

Manufar wannan maƙala ita ce auna wani salon ado da ya samu karɓuwa a shagunan kwalliya na Barnawa da Kakuri da Sabon Tasha, wato jan baƙin layi a kan fatar ido ta sama, a zarce da shi daga gefen ido zuwa wajen gira har ya yi tsini. A nan za mu kira shi kwalli mai wutsiya. Abin tambaya shi ne ko wannan salo ci gaban kwallin Hausawa ne, ko kuwa wani abu ne dabam da ya ari sunansa.

Kwalli, ko tozali, dutse ne da ake niƙawa a zuba a tandu, a ɗiba da tsinke a zizara a bakin fatar ido ta ciki. Yarabawa na ce masa tiro, Ibo kuma otanjele. Tun da aka buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri a 1957 waɗannan al'ummu suke cuɗanya da Hausawa da mutanen kudancin jihar a wannan yanki, kowa da kwallinsa. Ba mata kaɗai ke sa shi ba: maza da jarirai ma ana sa musu, kuma Imam Tirmizi ya keɓe babi guda a kan kwallin Annabi (SAW) a cikin Shama'il.

Bambancin farko yana ga muhalli. Kwallin gargajiya a cikin ido yake zama, aikinsa ya fito da farin ido, ya bar siffar idon yadda take. Wutsiya kuwa a kan fata ake zana ta, kuma burinta ta sauya siffar idon, ya ƙara tsawo ya ɗaga sama. Ta wannan fuska ta fi kusa da katambiri, wanda 'yan mata ke zane da shi a fuska. Tushenta ma ba na gida ba ne. Zane-zanen Masar ta dā sun nuna ta, fim ɗin Cleopatra na 1963 ya yaɗa ta a Turai da Amurka, finafinan Indiya kuma suka saba wa idon 'yan kallon Arewa da ita.

Salon yana da abin yabo. Yana bukatar hannu mai natsuwa, domin sai wutsiyoyi biyu sun daidaita a tsawo da karkata, kuma gwanar mai kwalliya takan bi layin fatar ido ta ƙasa ta gane inda tsinin zai nufa. Aibinsa shi ne zane ɗaya ake ɗora wa kowace fuska. Mai zurfin ido da mai dara-daran idanu sai su fito kamar an buga su da hatimi guda. Hausa ta riga ta bambance zizara kwalli da rambaɗa shi, kuma wutsiyar da ta wuce kima rambaɗawa ce.

Sai dai bai kamata mai sharhi ya rufe ido ga illar tsohon kwallin ba. Yawancin dutsen da ake niƙawa ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston wanda dalma ta hau jininsa ta hanyar tiro da aka kai daga Nijeriya, aka kuma sami dalma kashi 82.6 cikin ɗari a cikinsa. Saboda haka kare al'ada ba zai zama hujjar ci gaba da sa wa jarirai wannan dutse ba.

A taƙaice, kwalli mai wutsiya zane ne a fuska, ya kamata a auna shi da ma'aunin zane. Aikin da ke gaban manazarta shi ne tattara kalmomin wannan fanni, irin su tandu da tozali da jagira da katambiri, daga bakin tsofaffin mata da masu shagunan kwalliya, a kwatanta su da abin da ƙamusun Bargery na 1934 ya adana, tun kafin kalmomin aro su maye gurbinsu.