Littafin Likita Spock da Barcin Jariri

A shekarar 1946 wani likitan yara na Amurka, Benjamin Spock, ya buga littafi mai suna Baby and Child Care, watau renon jariri da yaro. An sayar da fiye da miliyan 50, aka juya shi cikin harsuna da yawa. Abin da ya jawo masa farin jini shi ne, ya ce uwa ta amince da hankalinta, ta ba da nono sa'ad da ɗa ya ji yunwa, ba sai agogo ya buga ba. Nan kam ya cancanci yabo.

Amma wajen barci littafin ya yi tuntuɓe. Shawararsa ga uwar da ɗanta ya saba tashinta da dare ita ce, ta kwantar da shi, ta fita, kada ta komo ko da ya yi ta tsala kuka, wai cikin 'yan kwanaki zai daina. Wannan dabara ta mai ɗakuna da yawa ce. Wadda ta ke kwana ɗaki guda da jaririnta, ga maƙwabta bayan danga, ina za ta fita ta tafi? Jariri sabon haihuwa kuwa cikinsa ƙarami ne, tilas ya farka bayan awa biyu ko uku ya sha. Ba fitina ba ce. Sai ya yi watanni kafin ya rarrabe dare da rana, kuma abin da ke taimakonsa shi ne haske da hira da rana, duhu da shiru da dare, a kuma shimfiɗe shi yana gyangyaɗi tun barci bai ɗauke shi ba.

Kuskuren da ya fi muni yana cikin bugun 1958. Can ya ce a kwantar da jariri rub-da-ciki, don kada ya yi tumbuɗi ya ƙware. Maganar ta yi kama da hankali, amma ba a gwada ta ba. Daga baya bincike ya nuna kwanciyar nan tana ƙara hatsarin mutuwar farat ɗaya cikin barci. Ingila a 1991, Amurka a 1994, suka shiga yi wa iyaye shela su kwantar da jarirai rigingine. Cikin 'yan shekaru irin wannan mutuwa ta ragu da wajen rabi ko fiye. Ashe uwayen da suka fi bin littafin sau da ƙafa, su aka fi jefa 'ya'yansu cikin hatsari.