Hauni da « bourreau »: gyara ga wata fassara da ta zama jiki

1. Matsala

Masu fassara daga Faransanci zuwa Hausa sun saba maye gurbin kalmar « bourreau » da « hauni » ba tare da wani jinkiri ba. A wannan taƙaitaccen nazari muna son nuna cewa kalmomin biyu sun haɗu a wuri guda kaɗai, sun rabu a sauran, kuma rashin lura da haka na iya juya ma'anar zance gaba ɗaya.

2. Ma'anonin hauni

Ƙamusun Bargery (1934) da na Abraham (1949) sun ba kalmar ma'ana biyu: ɓangaren hagu, da mai zartar da hukuncin kisa. Ma'anar farko tana nan da ranta. A kasuwar Maraɗi, ko a Tibiri da Jiratawa, ana jin misalai irin waɗannan:

(1) Ya duba dama da hauni bai ga kowa ba.
(2) Kada ka karɓi kyauta da hannun hauni.

Ma'ana ta biyu kuwa ta fada ce. Hauni bawan sarki ne mai muƙami, kamar yadda dogari yake da nasa, kuma ba ya ɗaga takobi sai shari'a ta ƙare, sarki ya ba da izini. Sarautar Maraɗi ta gaji tsarin fadar Katsina bayan faɗuwar birnin a 1807, ita kuma Tibiri ta gaji na Gobir bayan yaƙin Gawakuke na 1836. A cikin irin wannan tsari ne ya kamata a karanta kalmar.

Muna ganin ma'ana ta biyu daga ta farko ta fito. Bahaushe da dama yake ci, da dama yake gaisuwa, hagu yake bar wa aikin ƙazanta wanda ba makawa sai an yi shi. Ke nan hauni hannun hagun sarki ne. Wannan hasashe ne namu, kuma muna gabatar da shi don a tattauna.

3. Inda « bourreau » ta bambanta

A Faransa ma « bourreau » ma'aikacin hukuma ne, har zuwa soke hukuncin kisa a 1981, shekara huɗu bayan kisa na ƙarshe a birnin Marsai a 1977. Nan ne kalmomin biyu suka dace. Amma Faransanci ya faɗaɗa kalmar: tana nufin azzalumi, ko mai gana wa wani azaba, har ma mai yawan aiki a cikin « bourreau de travail ». Hausa ba ta bi wannan hanya ba. Idan muka ce:

(3) *Wane haunin aiki ne.

ba wanda zai gane ana yabon ƙwazonsa ne.

4. Abin da kuskuren ke jawowa

Bayan zuwan Faransawa a farkon ƙarni na 20, ikon yanke hukuncin kisa ya fita daga hannun sarakuna, muƙamin ya mutu, kalmar ta saura. Hukuncin kisa na ƙarshe da aka zartar a Nijar shi ne na 1976, bayan yunƙurin juyin mulkin watan Maris a kan Seyni Kountché, kuma harbewa aka yi. Tun a nan kalmar ta fara yi wa aikin kaɗan.

Amma babban haɗarin yana wani wuri. A 2019 dubban ƴan gudun hijira daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suka shigo jihar Maraɗi, suna tsere wa ƴan bindiga. Idan ɗan jarida ya rubuta « les victimes et leurs bourreaux », mai fassara kuma ya kira maharan haunaye, to ya ba su abin da ba su da shi: shari'a da izinin hukuma. Ya kuma ɗora wa waɗanda aka kashe laifi, domin hauni mai laifi yake kashewa.

5. Shawara

Muna ba da shawarar a keɓe « hauni » ga mai zartar da hukuncin da shari'a ta yanke. A sauran wurare Hausa ba ta rasa kalma ba: makashi, azzalumi, mai azabtarwa, ɗan ta'adda. Ya dace masu tsara ƙamusun Hausa da Faransanci su rarrabe waɗannan ma'anoni ɗaya bayan ɗaya, kowace da misalinta, domin ɗalibi abin da ya gani a layin farko shi yake ɗauka.