Jarumi ko Jagora? Hoton Shugaban Mayaƙa a Ganɗoki da Ƙarshen Alewa Ƙasa

Adabin Hausa ba ya ƙarancin mazaje. Kirari cike yake da su, haka waƙoƙin fada da labaran dakarun da suka yi suna a ƙarni na 19 tsakanin Katsina da Maraɗi da Gobir. Sarautun gargajiya kansu, irin su Madawaki da Ƙaura da Barde da Jarmai, shaida ce ta yadda Bahaushe ya ɗaukaka mai iya doki da mashi. Abin da muke son dubawa a wannan takarda ya ɗan bambanta da wannan. Tambayarmu ita ce: shin ƙagaggun labaranmu sun taɓa zana mana mutumin da aka danƙa wa rayukan waɗansu mayaƙa, wato wanda a yau muke kira hafsa? Za mu nemi amsa a littattafai biyu da shekara 48 ta raba, Ganɗoki na Bello Kagara (1934) da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare (1982).

Kada a ɗauka tambayar ta masu neman abin rubutu ce kawai. Dangantakar Hausa da aikin soja daɗaɗɗiya ce. Rundunar sojan Nijeriya tana ƙirga asalinta ne daga 'yan tsirarun Hausawan da John Glover ya ɗauka a Ikko a 1863, kuma Hausa ta daɗe tana zaman harshen bariki a zamanin Turawa, har hafsoshinsu sukan koye ta domin su iya magana da yaransu. Daga can muka sami kurtu da kofur da saje da samanja, da ita kanta kalmar hafsa. A Zariya ake horar da kurata tun 1924, a Kaduna aka kafa makarantar horar da hafsoshi a 1964, ta manyan hafsoshi kuma a Jaji a 1976. Sojoji sun mulki ƙasar nan daga 1966 zuwa 1979, sannan daga ƙarshen 1983 zuwa 1999. Darussan shugabanci da ake ba su da Ingilishi ne, bisa tafarkin da aka gada daga Ingila. Amma yaron da ya tashi a Funtuwa ko Gusau ya riga ya ƙulla hoton namiji a zuciyarsa tun kafin ya sa kaki, kuma daga tatsuniya da kirari da littattafan firamare ya samo shi. Saboda haka ya kamata mu san irin hoton da muka ba shi.

Ganɗoki na daga cikin littattafan da gasar 1933 ta Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta haifar. Zubinsa mai sauƙi ne: tsohon mayaƙi yana ba yara labarin rayuwarsa da bakinsa. Kashin farko na labarin ya jingina da tarihi, domin ya bi zuwan Turawa tun daga faɗuwar Kwantagora da Bida a 1901 har zuwa hijirar Sarkin Musulmi Attahiru da yaƙin Burmi a 1903. A nan Bello Kagara ya nuna gwaninta wadda ba a cika samun irinta ba. Jimlolinsa suna sukuwa kamar dawakin da yake siffantawa, kuma ya ɗauko salon kirari ya zuba shi cikin zube ba tare da ya yi tsami ba. Mai karatu yakan ji ƙura a maƙogwaronsa.

Sai dai idan muka lura da wakilin sunan da ya mamaye littafin, za mu ga "na" ne: na hau, na zare, na sare, na kutsa. Ko inda tauraron yake tare da jama'a, har da ɗansa Garba Gagare, hasken yana kansa shi kaɗai, sauran kuwa 'yan rakiya ne da masu shaida bajinta. Wannan ba aibi ba ne ga littafin, domin haka kirari yake, mai yin sa ba ya raba yabo da kowa. Amma ya nuna mana cewa Ganɗoki barde ne, ba sarkin yaƙi ba. Tambayoyin da ke hana jagora barci, wato me mutanena za su ci gobe, wa zan bari da masu rauni, yaushe ja da baya ya fi kutsawa, ba su ne ke tafiyar da labarin ba.

Wurin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne mahaɗar kashi na farko da na biyu. Bayan takobi ya gaza a gaban bindiga mai ruwa, marubucin bai tsayar da tauraronsa ya yi wa kansa hisabi ba. Ya ɗauke shi ya nufi gabas da shi, ya shigar da shi duniyar aljannu da abokan gaba na almara, inda takobi ke da sauran amfani. Manazarta sun sha fassara wannan da cewa hanya ce ta ceto mutuncin jarumin da tarihi ya kayar, kuma mun yarda da su. Abin da za mu ƙara shi ne, wannan ceto yana da tsada. Ganɗoki ya fita daga Burmi da girman kansa cikakke, amma bai fita da wani darasi ba. Da ya komo gida ya tarar da sabon zamani, sai ya karɓe shi hannu biyu, ba tare da mun ga gwagwarmayar zuci da ta kai shi ga haka ba. Mai yiwuwa yanayin da aka rubuta littafin, a ƙarƙashin idon hukumar Turawa, bai ba da damar wuce haka ba. Ko ma mene ne dalili, tauraron da ya buɗe littafin shi ne ya rufe shi, furfura kawai ya ƙara. Hafsan da ya yi koyi da shi zai zama marar tsoro, kuma zai riƙa kai yaransa ramin da ya faɗa jiya.

Ƙarshen Alewa Ƙasa ya fito ne daga wata gasar, wadda Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya, aka buga littattafanta a 1982, tare da irin su Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina. Duniyarsa ta yi hannun riga da ta Ganɗoki. Yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya kumbura rundunar soja daga kimanin mutum dubu 10 zuwa wajen dubu 250, kuma da aka ajiye makamai sai ƙasa ta rasa yadda za ta yi da dubban samarin da ba su iya wata sana'a ba sai harbi. A cikin wannan ɓaraka Bature Gagare ya dasa tauraronsa Mailoma, wanda ya fito daga cikin Maguzawa, ya ɗanɗana yaƙi, sannan ya tara irinsa ya kafa ƙungiyar ta'addanci.

Abin da zai ba mai nazari mamaki, har ya ɗan tsorata shi, shi ne Mailoma ya fi Ganɗoki kama da jagora nesa ba kusa ba. Yana tsara abu kafin ya yi shi. Ya san amfanin kowane mutum da ya jawo, ya san inda zai ajiye shi. Yana da haƙurin jiran lokaci, yana kuma da kwarjinin da ke sa a bi umurninsa ba musu. Da za a jera siffofin da ake nema ga kwamanda ta fuskar iya aiki zalla, da wuya a ce bai ci jarrabawa ba. Wato karo na farko da ƙagaggen labarin Hausa ya nuna mana ƙwarewar jagorancin masu bindiga a zamanance, a jikin mugu ya nuna mana ita. Muna ganin nan ne ƙarfin littafin yake, ba a yawan jini da tashin hankalin da aka fi tunawa da shi ba. Marubucin ya gane cewa horo ba tarbiyya ba ne, kuma bariki yana iya koya wa mutum sarrafa mutane ba tare da ya koya masa sarrafa kansa ba.

Inda littafin ya yi rauni, a ganinmu, shi ne bai ba Mailoma kishiya mai nauyinsa ba. Sunan littafin ya riga ya yanke hukunci tun daga bango, saboda haka faɗuwar tauraron ta zo kamar biyan bashin karin magana. Da an sami wani hafsa a cikin labarin, wanda ya sha wuyar da Mailoma ya sha, aka yi masa irin riƙon sakainar kashin da aka yi wa tsofaffin sojoji, amma ya zaɓi wata hanya, da mai karatu ya ga cewa lalacewar zaɓi ce, ba ƙaddarar duk wanda ya je bakin daga ba.

To, mene ne wannan abu da Ganɗoki bai buƙace shi ba, Mailoma kuma ya rasa shi? A laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya gabatar kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, ya kawo siffofi 10 da Hausawa ke auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Abin lura, jarumta ba ta ciki. Bahaushe yana yi wa jarumi kirari, amma ba da ita yake auna wanda zai ba ajiya ba. Aikin hafsa kuwa ajiya ne tun daga tushe: makamin da ke hannunsa na jama'a ne, yaran da ke bayansa 'ya'yan waɗansu ne. Tarihinmu na kusa ya nuna abin da kan faru idan wannan ma'auni ya karye. A Yulin 1975 kwamandan rundunar da ke tsaron Janar Gowon, Kanar Joseph Garba, shi ya sanar da kifar da shi yana taro a Kamfala. A Yulin 2023 shugaban masu tsaron fadar Yamai, Janar Abdourahamane Tiani, shi ya tsare Shugaba Bazoum. Kowannensu ya kawo hujjojinsa, kuma ba aikin wannan takarda ba ne ta yi musu shari'a. Muna dai cewa wannan shi ne irin kullin da ƙagaggen labari ya fi kowane fanni iya warwarewa, domin shi kaɗai ke iya shiga zuciyar mai gadi a daren da ya yanke shawara.

Wani abin takaici shi ne muna da gadon rubutu kan wannan jigo, marubutan zube ne ba su waiwaye shi ba. Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranci jama'a a Tabkin Kwatto a 1804, ya kuma ga mummunar asarar Alwasa a 1805. Da ya ga zukatan waɗansu abokan tafiya sun karkata ga ganima da muƙami, sai ya bar rundunar wajen 1807 da niyyar tafiya Makka. A Kano aka tsayar da shi, a nan ya rubuta Diya'ul Hukkam, sannan ya koma. Ga kwamandan da ya ci nasara, ya sha kaye, ya yi shakkar tafiyar da ya ba rayuwarsa, ya fita, ya dawo da littafi a hannu. Duk abin da muka nema a Ganɗoki muka rasa yana cikin waɗannan 'yan shekaru na rayuwarsa. Haka kuma Muhammadu Bello ya rubuta wa Ummarun Dallaje, wanda ya karɓi tutar Katsina, littafin Usulus Siyasa, inda ya gargaɗe shi kan kwaɗayin mulki, ya hore shi da sassauci da zama da malamai da kula da sana'o'in talakawa. Nasiha ce ga mayaƙin da yaƙi ya mayar mai mulki, wato daidai halin da gwamnonin soja suka sami kansu a ciki daga 1966.

Waƙa ta fi zube kusantar soja na zamani. A lokacin yaƙin basasa mawaƙa da dama, har da Aƙilu Aliyu, sun yi wa soja waƙoƙi, amma waƙar ƙarfafa guiwa yabo take yi, ba ta bincike. A ɓangaren sojan ma an sami mai alƙalami, Manjo Janar Mamman Vatsa, wanda ya riƙe Abuja a matsayin minista, ya ba Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya filin da ke Mpape, aka kuma harbe shi a Maris 1986 bisa tuhumar yunƙurin juyin mulki a ƙarƙashin gwamnatin abokinsa na ƙuruciya. Rayuwarsa kaɗai ta isa littafi.

Tun daga 2009 yaƙi ya dawo ƙofar gidanmu, daga Barno har dazuzzukan Zamfara da Katsina, kuma ya zo da labaran da suka fi ƙarfin kirari. Akwai Laftanan Kanar Muhammad Abu Ali, wanda ya yi suna da shiga gaban yaransa, aka kashe shi a Malam Fatori a Nuwamban 2016. Akwai kuma abin da ya faru a barikin Maimalari na Maiduguri a Mayun 2014, lokacin da sojoji suka buɗe wa motar babban kwamandansu wuta bayan an kawo gawawwakin 'yan'uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa, daga baya aka sassauta shi zuwa ɗauri. Marubucin da zai taɓa wannan ba a kan janar ɗin ko masu harbin ya kamata ya kafa alƙalaminsa ba. Ya nemi ƙaramin hafsan da ke tsaye a filin a wannan safiya, mai anini biyu a kafaɗa, wanda umurnin tafiyar ya bi ta bakinsa, wanda ya san sunan kowace gawa, kuma shi za a aika ya bi magajiyar bariki zuwa ƙofar matan da za a gaya wa.